Ɗakin da Aka Auna Mini a Ajingi

Masu karatu, ku yi mini afuwa in kun ji bakina da ɗaci yau. Tun shekaranjiya nake tofar da yawu, har yanzu warin bai bar maƙogwarona ba.

Ga wanda yau ya fara cin karo da ni, sunana Karimatu, 'yar Balan ce ni ta ƙasar Gaya, ina koyar da Kemistiri a wata makarantar 'yan mata a cikin garin Gaya. Mahaifina ya rasu tun ina ƙarama, ƙaninsa Baffa Da'u shi ne ubana yanzu, shi ne kuma waliyyina. Ni da Innata muna da gado ɗaya wanda alƙali bai raba mana ba, wato ciwon fuka. A gidanmu ba a turaren wuta, ba a kunna maganin sauro, murhu ma can ƙuryar tsakar gida aka kai shi. Jakata kuwa in kuka zazzage, kafin ku ga hoda sai kun ga inhela, abin fesa maganin fuka a baki.

Sai kuma Sagiru, wanda aka sa mana rana da shi bayan an gama kaka. Ba zan yi muku ƙarya ba, ina sonsa, ko in ce har shekaranjiya da hantsi ban san wani abu a kansa ba sai so. Ranar da ya fara zuwa zance ya sha shadda ruwan toka mai maiƙo, ya kafa hula, ya yi wanka da turare. Ko gaisuwa ba mu gama ba ƙirjina ya fara kukan kyanwa, na koma cikin gida a guje. Tun daga ranar bawan Allah nan bai ƙara zuwa gidanmu da turare ba. Wannan abin shi ya sace mini zuciya. Da na tambayi sana'arsa ya ce harkar kayan sanyi yake yi a Ajingi, har ya turo mini hoton shago, firji da firiza a jere, farare tas.

To, makon jiya mata suka je ganin ɗaki. Kun san al'ada, dangin amarya ne ke zuwa su auno ɗaki saboda gado da kujeru da labule, ita kuwa amarya ba ta ganin gidanta sai ranar da aka kai ta a lulluɓe tana kukan da ba lallai ya kai zuci ba. Gwaggo Hanne, yayar Baffa, ita ta ja ayari. Da la'asar suka dawo, muna tsakar gida ni da Inna muna ɓarar gyaɗa.

"Ke 'yar nan, kin yi goshi," in ji Gwaggo tun daga zaure. "Tayil har banɗaki. Silin ɗin nan mai fitilu kala-kala. Falo kuwa sai an ƙara kujera, in ba haka ba sai a ce mun yi rowa."

Ta warware mayafinta mai duwatsu, na zuwa biki, ta kakkaɓe shi a gabanmu. Ni na fara tari, sai Inna ta karɓa.

"Gwaggo, warin mene ne wannan a jikinki?"

"Wane wari kuma? Ke dai da hancin tsiya. Motar haya muka shiga."

Na san warin motar haya, kullum a cikinta nake. Wannan warin roba ce da ta ƙone, irin mai kama bayan harshe. Na ci gaba da ɓarar gyaɗata. Tana ta lissafa wa Inna awon labule, na falo, na ɗakin baƙi, na kicin, sai ta tsallake ɗakin kwana.

"Nawa ɗakin fa?" na ce.

"Ji rashin kunya, wai nata ɗakin. Ba ya buƙatar labule. Ya sa an toshe tagogin da bulo, ya kafa miki na'urar sanyi. Me kike nema kuma a duniya?"

Na shiga ɗaki na ɗauko waya na rubuta wa Sagiru: "Alhaji, me ya sa aka toshe tagogin ɗakin kwana?"

Kafin in ajiye wayar amsa ta shigo: "Saboda ƙura, ranki ya daɗe. Kin san ƙirjinki amana ne a hannuna." Ya jero zuciyoyi jajaye a ƙasa.

Da a ce da ne, da na kwana ina murmushi. Amma mayafin Gwaggo yana rataye a igiya, duk iskar da ta kaɗa sai ta kawo mini warin har bakin ƙofa.

Shi ya sa shekaranjiya, ranar kasuwar Ajingi, na yi abin da 'yar mutunci ba ta yi. Da aka tashi daga makaranta na ari niƙabi a wurin wata malama, na zumbula dogon hijabi ruwan ƙasa a kan atamfata, na shiga motar Ajingi tare da 'yan kasuwa da buhunansu. Kada wata ta rubuto mini cewa na yi zumuɗi. Ni ma na san me za a ce, amma gani ya kori ji.

A tasha na tare ɗan acaɓa, na ce ya kai ni sabon gidan Alhaji Sagiru mai firji.

"Mai firji?" Ya ɗan yi tunani. "Au, Sagiru mai gwangwan kike nufi. Hau mu je, Hajiya. Ai ko makaho ya san hanyar, hanci zai kai shi."

Tun kafin mu fita daga gari na hango shi, baƙin hayaƙi a miƙe, mai kauri, ya tokare sama. Ina ta addu'ar mu karkata mu bar shi a gefe. Ina! Kai tsaye muka nufe shi. Ɗan acaɓan ya sauke ni a gaban wani gida mai fenti ruwan madara da baƙin ƙyaure mai adon zinare. Gidan ya yi kyau, ba zan ci amanar magini ba. Na zaga ta gefen katanga.

Wallahi da na san abin da zan gani da ban ci abincin rana ba.

Fili ne babba, katangarsa ɗaya da gidan. Matattun firji jibge a kan juna sun fi tsayin mutum, wasu baki buɗe, cikinsu ya yi baƙin gansakuka, ƙudaje na shiga suna fita. A tsakiya an haƙa rami, an cika shi da wayoyin lantarki, an ɗora tsofaffin tayoyi an cinna wuta. Roba na narkewa tana ɗiga, gindin wutar kore shar saboda jan ƙarfen da ke cikin wayar, wanda shi ake nema. Maza uku suna juya ta da dogon ƙarfe, sun ɗaure hanci da tsumma, idanunsu jajur. Ɗaya ya ja tsumman ƙasa ya kako majina baƙa ƙirin ya tofar, ya mayar ya ci gaba da aiki. Baƙin mai yana bin wata 'yar kwata yana gangarawa gonar maƙwabta, inda aka shanya gyaɗa, toka na sauka a kanta. Awaki na kiwo a bakin ramin. Wata mata ta kafa kaskon awara a inuwar firjin, ana saye ana ci da hannun da aka gama juya wuta.

Na ɗaga kai. Bangon da ramin yake kallo, ga shatin tagogi biyu nan da sabon bulo, ko filasta ba a yi musu ba. Ɗakina ke nan.

Sai na ji sara. Wani mutum ya kwantar da firji ya kifa shi, ya ɗaga gatari ya sare bututun da ke bayansa. Abin ya yi tsaki mai tsawo, wani farin tururi ya fito ya ɓace. Ya jawo na gaba. Ya jawo na gaba.

Ku bar ni in yi muku malanta kaɗan, don a nan ne abin ya wuce wasa. Iskar da ke cikin irin waɗannan tsofaffin firji ba ta da launi, kusan ba ta da wari, ruwan sama ba ya wanke ta, ba ta ruɓewa. Haka za ta yi ta yawo shekara da shekaru har ta kai can ƙololuwar sama, inda Allah ya shimfiɗa mana wata iska da ake kira ozon, wadda ke tare mugun hasken rana mai ƙona fata da jawo yanar ido da lalata shuka. A can rana za ta fasa ta, sinadarin kulorin da ke cikinta ya kuɓuce, ya kama ozon ya farfasa, ya fito lafiya lau ya kama wani. Ƙwaya ɗaya sai ta cinye dubbai, kamar gara a rufin azara. Duniya ta taru ta hana ƙera wannan iskar, saura wadda ta maƙale a cikin tsofaffin kaya, ita ma akwai yadda ake zuƙe ta a tukunyar ƙarfe. Wannan darasin na koya wa 'yan ajina zangon da ya wuce, har na zana musu a allo, na tambaye su wane irin mutum ne zai huda rufin gidan da yake kwana a ciki. Ashe da kuɗin sarar bututun aka sayo lesukan da ke cikin lefena.

Na sama ke nan, wanda sai an daɗe ake ganin ɓarnarsa. Na ƙasa ba ya jira. Hayaƙin robar waya in ya haɗu da damshin huhu, ruwa mai cin nama yake komawa. Ina tsaye iska ta juyo, ta lulluɓe ni. Ƙirjina ya ɗaure tamau. Na durƙusa a gindin katanga, na ɗage niƙabin, na lalubo inhela na fesa, na sake fesawa.

"Malama?"

Sagiru ne. Farar shadda ce a jikinsa, ko ɗigon toka babu, ga makullin mota a hannu. Ya waiga hagu, ya waiga dama.

"Wa ya gan ki? Tashi mu shiga mota kafin mutane su gane ki."

Ku lura da kyau, masu karatu. Bai ce sannu ba. Wa ya gan ki ya ce.

A cikin motar gilasai a rufe, sanyi na busawa. Sai da numfashina ya dawo sannan na iya magana.

"Ƙura ka ce mini."

"To ƙarya na yi? Na toshe taga, na sa na'ura, na sa sola don kada wuta ta ɗauke. Ba abin da zai shigo miki."

"Tsakar gidan fa? Shanya fa? In Allah ya ba mu 'ya'ya, a cikin ɗakin za su yi rarrafe har su yi aure?"

"Ana sabawa. Dubi yaran can, shekara nawa suna yi."

"Na duba. Na ga abin da ɗaya ya tofar."

Ya ja tsaki a hankali, ya gyara hula a madubi.

"Malama, ki sauko daga kan allo. Gida nawa ne ke ɗora tukunya saboda filin nan, kin sani? Shagon da na nuna miki gaskiya ne, amma shago ba ya gina gida, wannan ne ke ginawa. Ita kuma maganar rufin sama da kike ta yi tun muna zance, ni na ƙera firjin? Waɗanda suka ƙera sun sha sanyinsu, da ya mutu suka turo mana gawar. Sai ni Sagiru ɗan Ajingi ne zan ɗinke sama?"

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne akwai gaskiya a rabin maganarsa. Amma rabin gaskiya ba ta buɗe mini ƙirji.

"Ana feɗe waya da wuƙa ba sai an ƙona ba," na ce. "Iskar ma ana zuƙe ta."

"Feɗewa aikin wata guda ne, wuta kuwa yini ɗaya."

"Kai da ka daina sa turare saboda ni."

"Turare ba ya ciyar da kowa," ya ce, ko kallona bai yi ba.

Na dubi hannunsa a kan sitiyari, farce a yanke, zoben azurfa, fata sumul. Hannun da nake satar kallo a zaure ina jin daɗi. Wallahi sai na ji ƙyamarsa ta fi ta wancan mai baƙar majina, don shi aƙalla huhunsa ya sa a ciki. Na buɗe ƙofa na fita. Ya kira ni, ban waiwaya ba.

Kafin in iso Balan labari ya riga ni. Gwaggo Hanne na tsakar gida ta ɗaure ɗankwali a gaba, Baffa na zaune a kan kujera 'yar tsugunno yana jan carbi da sauri, Inna kuwa tana gefe da ƙwaryar gyaɗarta.

"Sannu da zuwa, amaryar zamani," in ji Gwaggo. "An je an ga ɗaki? Ya yi, ko a ƙara faɗi? A danginmu kaf ba a taɓa yin wadda ta kai kanta gidan miji kafin a kai ta ba, sai ke. Gobe a kasuwa da wane ido zan kalli dangin yaron nan?"

"Gwaggo, kin ga ramin ko ba ki gani ba?"

"Ni ɗaki aka aike ni aunawa, ba bayan gida ba."

"Kin san ciwona."

"Ciwo na Allah ne. Hayaƙin neman halak bai taɓa kashe matar aure ba."

Na durƙusa a gaban Baffa. Ban taɓa musa masa magana ba tunda nake, amma ranar na ce, "Baffa, ka gafarce ni. Ba na ƙin zaɓin da na yi da kaina, amma ba zan shiga gidan nan ba matuƙar ana kunna wutar nan a bayansa. In aka kai ni, gawata za a dawo muku da ita."

"Subhanallahi. Wace irin magana ce wannan?" Ya ajiye carbin. "An buga kati. Kafinta ya yanka katako daidai awon ɗakin. Mutanen Ajingi da Toranke duk an gaya musu. Yanzu in tashi in ce musu me? In ce 'yata ta je leƙe ta ji wari?"

Na saci kallon Inna. Ni ce 'yar farinta, alkunya ba za ta bar ta ta sa baki a maganata a gaban dangin miji ba. Kanta a sunkuye, tana ta ɓara, amma na lura gyaɗar da ɓawon duk a ƙwarya ɗaya take zubawa.

Jiya wuni na yi ban kunna waya ba. Da na kunna, saƙonnin Sagiru sun cika ta. "Ki yi haƙuri." "Ki ɗauka mu yi magana." "Kin kunyata ni a gaban yarana amma na yafe." Wai ya yafe. Na kife wayar a kan katifa.

Yau da safe ina ɗaura ɗankwali zan tafi makaranta Baffa ya yi kirana, fuskarsa a sake.

"To, 'yar Baffa, kin yi nasara. Jiya yaron nan ya zo da magariba, mun zauna. Ɗan mutunci ne. Ya ce tunda ba kya so, zai tashi filin gaba ɗaya daga bayan gidan, a fasa bulon a mayar miki da tagoginki. Sai ki saki ranki."

Kunya ta kama ni, har da 'yar ƙwalla. A mota na rubuta wa Sagiru, "Na gode, Allah ya saka da alheri." Ya amsa da zuciya ɗaya. Wuni na yi ina koyarwa ina murmushi kamar wata sakarya, har 'yan aji suna taɓa juna. Ban tambayi inda za a mayar da filin ba. Ni da nake koya wa yara cewa abin da aka saka wa iska ba ya ɓacewa, wuri kawai yake sauyawa.

Da la'asar na sauka a bakin hanya na nufo gida. Tun daga nesa na ga a-kori-kura biyu a tsaye a gonarmu ta bayan gida, wadda aka gama cire gyaɗa a cikinta. Ana ta sauke matattun firji. Mutumin nan mai gatari yana nan, wasu biyu kuma sun fara haƙa rami, taku kaɗan daga tagar ɗakin Inna. Baffa na tsaye da babbar riga yana nuna musu iyaka da sanda.

Ban san lokacin da na yar da jaka a zaure ba. Na faɗa ɗakin Inna. Na same ta a tsaye a kan turmi da ta kifa, tana cusa tsofaffin zannuwa a kafofin taga, numfashinta na fita da ƙyar saboda ɗaga hannu.

"Inna, kin ga abin da Baffa ya yi? Gonarki ce fa, gadonki ce, ba shi da ikon ba da ita. Yanzu zan je in..."

"Rufa mini baki." Ba ta juyo ba. "Ba Baffanki ba ne. Ni na aika aka kira yaron, ni na ce ya kawo nan."

"Inna, wata ɗaya ba za ki yi ba a cikin hayaƙin nan."

"Ya ce ba shi da wani filin, in ba a samu ba sai dai a bar shi inda yake. Su Baffanki kuma ba za su fasa kai ki ba, na san su." Ta tura ƙarshen zanen da ɗan yatsa, ta tsaya ta huta. "Ni na shaƙi tawa iskar, na ƙoshi. Ke ce ba ki fara ba. Miƙo mini wancan zanen."

Na tsaya da zanen a hannuna, na kasa miƙa mata, na kasa ajiyewa. Ta bayan bango muka ji an sare bututun farko.